Yadda Ake Duba Bayanan Wasan Haɗa Hoto a Rumbun Intanet Kafin a Saya

Wasan haɗa hoto, wanda wasu suke kira jigso, hoto ne da aka manna a kan kwali mai kauri ko a kan katako, aka yayyanka shi guntu-guntu, aka bar wa mai wasa aikin mayar da kowane guntu gurbinsa har hoton ya dawo yadda yake. A nan Zariya ba kaya ba ne da ake samu a kowane shago. Yawancin waɗanda suke hannun mutane, ko dai an tsinto su ne a cikin kayan gwanjo tsakanin littattafan yara da kayan wasansu, ko wani ɗan'uwa ya kawo su tsaraba daga tafiya, ko kuwa an yi odarsu ta intanet an zauna jira na makonni. Duk ta hanyar da wasan ya zo, da zarar ya shiga hannu babu zancen mayarwa, domin mai gwanjo bai san abin da yake cikin kwalin ba balle ya ɗauki alhakinsa, wanda ya kawo tsaraba kuwa ba a yi masa ƙorafi. Wannan ne ya sa rumbun bayanan irin waɗannan wasanni da ake samu a intanet yake da amfani ga mutumin Zariya fiye da yadda yake da shi ga wanda kantin yake bayan gidansa, saboda shi ne yake raba mutum da cinikin biri a sama.

Rumbun ba kanti ba ne, kundi ne. Wanda ya taɓa neman littafi a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya san yadda kowane littafi yake da bayaninsa na daban, da sunan marubuci da shekara da lambar da za ta kai mutum ga kantar da yake. Haka nan kowane wasa yake da nasa shafin a rumbun, ɗauke da hoton kwali, da sunan kamfani, da yawan guntaye, da girman hoton idan an gama, da wasu lambobi. Bambancin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, a laburare ma'aikatan da aka horar ne suke rubuta bayanin, a yawancin irin waɗannan rumbuna kuwa masu sha'awar wasan ne suke shigar da shi da kansu, kowa daga kwalin da yake gabansa. Akwai masu kula a cikinsu, akwai masu gaggawa, saboda haka ana karanta shafin ne da ido biyu.

Da lamba ake nema, ba da hoto ba

Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne neman wasa da sunan abin da yake cikin hoton. Idan ka rubuta Taj Mahal ko Hasumiyar Eiffel a gurbin bincike, sakamakon da zai fito zai yi maka yawa, kuma da yawa daga ciki za su yi kama da juna kamar an tsaga kara. Zanen nan na dare mai taurari da Vincent van Gogh ya yi a 1889 kamfanoni da dama sun buga shi, kowanne da yawan guntayensa da girmansa da irin yankansa, kuma kama da wane ba wane ba ne. Ba abin mamaki ba ne a samu wannan cunkoso, domin sana'ar ta daɗe: tun wajen shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, yake manna taswirori a kan katako yana yanka su bisa iyakokin ƙasashe don koya wa yara labarin ƙasa, kuma daga lokacin zuwa yau ba a daina fitar da sababbi ba.

Abin da zai kai ka ga ainihin wasan da kake nufi lambobi ne guda biyu da suke jikin kwali. Ta farko ita ce lambar da take ƙarƙashin zanen nan na layuka baƙaƙe da ake haskawa a kantuna, wato bakod. A kayan Turai da mafi yawan ƙasashen duniya alƙaluma 13 ne, a kayan Amurka da Kanada kuwa sau da yawa 12 ne. Ta biyu ita ce lambar kaya ta kamfanin kansa, wadda ta fi gajarta, kuma galibi ana buga ta a gefen kwali kusa da sunan wasan. Ka fara da bakod, ka rubuta alƙaluman a jere ba tare da barin fili a tsakaninsu ba. Idan bai fito ba, ka gwada lambar kamfanin tare da sunan kamfanin. Sai waɗannan biyu sun gaza ne za ka koma ga suna, kuma ko a nan ɗin ma ka rage yawan sakamakon ta hanyar zaɓar kamfani da adadin guntaye a wurin tacewa.

Akwai amfani a san abin da bakod yake faɗa. Alƙaluman farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambarsa: daga 400 zuwa 440 na Jamus ne, 800 zuwa 839 na Italiya, 840 zuwa 849 na Sifen, 590 na Folan, 690 zuwa 699 na Sin, namu na Nijeriya kuwa 615. Shi ya sa za ka ga kayan Ravensburger, kamfanin Jamus mai tambarin kusurwa shuɗiya, suna farawa da 400, na Clementoni na Italiya da 800, na Trefl na Folan da 590. Amma fa wannan wurin rajista kawai yake nunawa, ba wurin da aka ƙera kayan ba, domin kamfani yana iya yin rajista a Turai ya buga kayansa a wata nahiya. Alƙalami na ƙarshe kuma na tantancewa ne, ana samo shi ne daga lissafin sha biyun da suka gabace shi, saboda haka idan rumbun ya ce lambar ba daidai ba ce, kafin ka yanke hukuncin cewa wasan ba ya ciki, ka sake duba kwalin, musamman na gwanjo da ya sha hannu, inda 3 da 8 ko 1 da 7 suke iya rikita ido. Wani lokaci ma mai kantin can ƙasar waje ya manna tasa takardar farashi a kan bakod ɗin asali, sai an ɗaga ta a hankali.

Idan shafin ya buɗe, kada hoton ya ɗauke maka hankali tukuna. Ka fara tabbatar da cewa kamfanin da lambar sun yi daidai da na kwalinka, sannan ka duba shekara. Shekara tana da rikici fiye da yadda ake zato, domin iri uku ce take iya zama: shekarar da mai zane ya yi hotonsa, shekarar da kamfani ya fara fitar da wasan, da shekarar da aka sake buga shi. Wanda ya shigar da bayanin yana iya ɗaukar duk wadda ya gani kusa da alamar haƙƙin mallaka ya rubuta. Kamfanoni kuma sukan sake fitar da tsohon hoto da sabuwar lamba da sabon kwali, wani lokaci har da sabon yanka, don haka idan ka ga shafuka biyu masu hoto ɗaya da kamfani ɗaya amma lamba daban, ba lallai kuskure ba ne, bugu biyu ne, kuma naka ɗaya ne daga ciki.

Dubu da ba dubu ba

A kan yawan guntaye ne zan fi daɗewa, domin a nan ne na taɓa tafka asara. Adadin da aka rubuta da manyan alƙaluma a gaban kwali sau da yawa suna ne kawai na rukuni, ba ƙidaya ba ce ta gaskiya. Dalilin yana cikin yadda ake yanka wasan. Yawancin wasannin kwali ana yanka su ne da wuƙaƙen ƙarfe da aka lanƙwasa aka dasa a kan allo, injin ya danna su a kan hoton, kuma guntayen suna fitowa ne a layuka na tsaye da na kwance. Jimillarsu ke nan sai ta zama adadin layukan tsaye sau adadin na kwance. Layi 40 sau 25 yana ba da 1000 cif, amma kamfanin da yake son wani fasali na daban yana iya yin 36 sau 28, wanda ya ba da 1008, ko 38 sau 27, wanda ya ba da 1026, kuma duk a kwali 1000 za a rubuta. Haka mai 500 yake iya zama 27 sau 19, wato 513. Rumbu mai kyau yana da gurbi biyu, ɗaya na adadin da aka rubuta, ɗaya na adadin gaskiya, wani ma har yakan nuna yawan layukan.

Wata shekara da hunturu na sayi wani mai 1000 a hannun wani mai gwanjo a Sabon Gari. Kwalin a buɗe yake, an ɗaure shi da roba, na tambaye shi ko ya cika, ya ce, "Wallahi Malam, yadda ya fito daga dila haka na ajiye shi, ban ƙara ba ban rage ba," kuma na yarda gaskiya ya faɗa. Da na isa gida muka baza guntayen a kan tabarma ni da ɗan yayata, muka kasa su kashi-kashi, hamsin-hamsin, muka sami kashi ashirin daidai babu ragi. Yaron ya ce, "Kawu, mun yi sa'a, dubu ne cif," ni ma na yi murna. Sai da muka kwashe kusan mako biyu muna haɗawa bayan sallar isha'i, sannan muka tarar da ramuka takwas a cikin hoton, biyar daga ciki a sararin sama inda ido yake fara sauka. Da na duba shafin wasan daga baya, sai na ga an rubuta layi 36 sau 28. Da na san haka tun a daren farko, da dubun da muka ƙirga ba murna za ta sa ni ba.

Sanin layukan yana ba da wata hanya mai sauƙi ta gwada wasan gwanjo ba tare da an ƙirga komai da komai ba. Guntayen gefe su ne masu ɓangare ɗaya miƙaƙƙe, kuma ana samun yawansu ne idan aka haɗa layukan tsaye da na kwance, aka ninka biyu, aka cire huɗu saboda kusurwoyi da aka ƙirga sau biyu. Mai 36 sau 28 yana da guntayen gefe 124, mai 38 sau 27 yana da 126, mai 40 sau 25 shi ma 126, kuma a kowanne huɗu daga ciki kusurwoyi ne. Tun da dama da gefe ake fara haɗawa, wannan ƙidaya ba ƙarin aiki ba ce. Cikar gefe ba ta tabbatar da cikar tsakiya, amma idan tun a gefe an sami giɓin uku ko huɗu, to a shirya wa abin da ya fi haka a ciki.

Kada kuma a sa rai cewa za a cike giɓin da guntu daga wani kwali mai lamba ɗaya. Wuƙaƙen yanka suna dakushewa a sauya su, hoton ma yana ɗan gocewa daga bugu zuwa bugu, saboda haka guntun da ya fito daga wuri ɗaya a kwali biyu ba lallai ya zauna a gurbin ɗan'uwansa ba, ko ya zauna launinsa ya saɓa.

Girma, da inda za a shimfiɗa shi

Gurbin da yake biye a muhimmanci shi ne girman hoton bayan an gama. A nan abu na farko shi ne a gane ma'aunin, domin kamfanonin Turai da santimita suke rubutawa, na Amurka da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wanda ya ga 27 x 20 ya ɗauka santimita ne zai zaci ɗan ƙaramin abu ne da zai zauna a kan tire, alhali kusan santimita 69 da 51 ake nufi. Akwai kuma salon rubuta lamba na Jamusawa da maƙwabtansu, inda waƙafi yake tsayawa a wurin ɗigo, ɗigo kuma a wurin waƙafi: 69,3 yana nufin santimita 69 da ɗan ɗori, 1.000 kuma dubu ɗaya ne. Kalmar da take biye da adadin guntaye ma tana sauyawa da harshen kwalin, Teile a Jamusanci, pezzi a Italiyanci, piezas a Sifaniyanci.

Don a sami abin kwatance, ga yadda na Ravensburger suka saba kasancewa: mai 500 kusan santimita 49 da 36, mai 1000 kusan 70 da 50, mai 1500 kusan 80 da 60, mai 2000 kusan 98 da 75, mai 3000 kusan 121 da 80, mai 5000 kuwa kusan 153 da 101. Na sauran kamfanonin Turai masu 1000 ba su yi nisa da haka ba, na Educa na Sifen, alal misali, 68 da 48 ne. Amma akwai masu fasalin shimfiɗa, dogaye marasa faɗi, inda mai 1000 yake kaiwa kusan santimita 98 a tsawo, akwai kuma masu da'ira, don haka a duba gurbin fasali, a duba ko hoton a tsaye yake ko a kwance. Can ƙarshen jeri akwai ƙattai irin wanda Ravensburger ya fitar a 2016 mai guntaye 40,320, wanda tsawonsa ya kusa mita bakwai, abin da ko a zauren gidan sarauta sai an yi shawara kafin a shimfiɗa.

Ka auna teburinka da tef ɗin tela kafin ka yi oda, kuma ka tuna cewa wurin da hoton zai zauna rabin buƙata ne kawai, domin guntayen da ba a haɗa ba suna neman kusan irin wannan filin, ko da yake farantai da murafen kwali suna rage matsalar. A gidajenmu inda tebur ɗaya yake aikin cin abinci da guga da karatun yara, abin da ya fi dacewa shi ne a je wurin kafinta da ma'aunin da aka gani a rumbun, a ƙara santimita goma a kowane ɓangare, ya yanko filawud. Fallen filawud na kasuwa ƙafa huɗu ne da takwas, wato kusan santimita 122 da 244, saboda haka rabin falle ya ishi mai 2000 har da saura. Allon yana shiga ƙarƙashin gado idan an tashi, a rufe shi da tsohon zane saboda ƙurar hunturu, da damina kuma a nisanta shi da bango mai laima, domin kwali idan ya sha danshi yana kumbura ya rabu fallaye-fallaye.

Daga girma da adadi ana iya fitar da wani abu da ba kowane shafi yake rubutawa ba, wato girman guntu ɗaya. Ka ninka tsawo da faɗi, ka raba da yawan guntaye. Santimita 70 sau 50 ya ba da 3500, idan aka raba da dubu kowane guntu ya tashi da murabba'in santimita uku da rabi, wato faɗinsa bai kai santimita biyu ba. Mai 300 da aka yi a girman 49 da 36 kuwa kowane guntunsa ya kusa murabba'in santimita shida. Wannan lissafi yana da muhimmanci ga wanda zai saya wa dattijo mai raunin gani ko yaron da yatsunsa ba su saba ba. Yana kuma tona asirin wasu masu araha da ake tallata su da 1000 amma girmansu bai wuce na takardar jarrabawa biyu ba, waɗanda guntayensu suke kamar farcen ɗan yatsa.

Game da shekarun da aka rubuta, gargaɗin da ya hana bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku maganar tsaro ce, saboda guntu yana iya maƙalewa a maƙogwaro, kuma a gida mai masu rarrafe wannan ba abin wasa ba ne. Sauran alƙaluman, irin su 9 ko 14 da alamar ƙari a gabansu, shawara ce kawai ta kamfani.

Irin yanka shi ma yana da gurbinsa. Akwai yankan layi, wanda duk lissafin layuka da na gefe da na kawo a baya ya dogara a kansa, inda kusurwoyin guntaye huɗu suke haɗuwa a wuri ɗaya, kowane guntu da kunnuwansa da gurabensa. Akwai kuma yankan barkatai, irin wanda aka san Springbok na Amurka da Cobble Hill na Kanada da shi, inda guntaye suke da siffofi mabambanta, babu layin da za a bi, kuma wani guntun tsakiya yana iya zuwa da ɓangare miƙaƙƙe ya yi kama da na gefe. A irin wannan ƙidayar gefe ba ta aiki, sai a dogara da adadin gaskiya idan an rubuta shi. Na katako da ake yanka su da hasken lesa sukan zo da guntaye masu siffar tsuntsu ko doki ko ganye, suna da tsada da nauyi, amma sun fi jure hannun yara.

Sai yanzu za a koma ga hoton

Ka buɗe shi ya cika fuskar waya, ka faɗaɗa shi, ka bi shi lungu-lungu, saboda dalili biyu. Na farko, a hoton ne wahalar wasan take, ba a adadi kaɗai ba. Mai 500 da rabinsa sararin sama ne ko teku ko dusar ƙanƙara ya fi mai 1000 da yake cike da kayan kasuwa masu launi daban-daban cin rai. Akwai ma waɗanda da gangan aka yi su launi ɗaya tak babu hoto, kamar jerin Krypt na Ravensburger, wanda mai ruwan azurfarsa yake da guntaye 654, kuma wanda ya saye shi don ya ga adadin bai kai dubu ba zai gane kurensa. Dalili na biyu namu ne na gida: da yawa daga cikin zane-zanen Turawa na da, da kuma hotunan barkwanci masu cunkoson mutane, suna ɗauke da abubuwan da magidanci ba zai so ya shimfiɗa a falonsa gaban yara da surukai ba, kuma a ɗan ƙaramin hoton talla ba a ganinsu. Taswirori da gine-gine da furanni da dabbobin daji ba su cika kawo wannan matsala ba.

Ka duba kuma ko shafin ya nuna hoton wasan bayan an gama shi, ban da hoton kwali. Tambarin kamfani da rubutu sukan rufe wani ɓangare na hoton a kan murfi, shi ya sa wasu kamfanoni suke saka babbar takarda mai cikakken hoton a ciki, kuma idan shafin ya ce akwai ta amma kwalin gwanjonka babu, ka san abin da ya ɓace. Akwai kuma jerin Wasgij na kamfanin Jumbo na Holan, wanda sunansa kalmar Turancin wasan ce, wato jigsaw, aka juya ta baya, inda hoton kwali ba shi ne abin da za a haɗa ba, sai dai abin da mutanen cikin hoton suke kallo ko abin da zai faru da su daga baya. Wanda bai karanta wannan a shafin ba zai rantse an zuba masa guntayen wani wasa ne a kwalin.

Ra'ayoyin waɗanda suka riga suka haɗa wasan suna da amfani, amma ba duka ba. Abin da nake nema a ciki shi ne maganar da ta shafi kayan: ko kwalin da aka yanka guntayen da shi yana da kauri, ko guntaye suna kama juna har a iya ɗaga wani sashe ba tare da ya wargaje ba, ko guntu yana shiga gurbin da ba nasa ba, ko fuskar tana ƙyalli. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin wanda yake haɗawa da dare da fitilar caji ko ƙwan sola ya san yadda fuska mai sheƙi take mayar da haske cikin ido har launuka su ɓace. Lokutan da wasu suke rubutawa kuwa kada su karya maka gwiwa. Tun 2019 aka fara gasar duniya ta wannan wasa a birnin Valladolid na Sifen, kuma gwanayen irin wannan gasa suna gama mai 500 cikin ƙasa da sa'a ɗaya, su ne kuma suka fi ɗokin rubuta lokacinsu.

Girman kwali da nauyinsa sun shafi mai yin oda ne ko mai roƙon wani ya riƙo masa. Kwalin mai 1000 bai cika kai kilo ɗaya ba, amma yana cin wuri a akwati saboda rabinsa iska ce, don haka wasu sukan ce a zubo musu ledar guntayen a ninke murfin, wanda hakan ba laifi in dai an bar gefen da lambobin suke.

Idan za ka kasuwa, ka ɗauki hoton fuskar wayarka a gida, shafin da yake nuna lamba da adadi da girma, domin sabis yana iya yankewa a tsakiyar rumfuna, hotunan rumbun kuma suna cin data. A gaban mai kaya ka gwada lambar, ka duba tambarin, ka duba ko girman da aka buga a kwali ya yi daidai da na shafin. Idan hoton na sanannen kamfani ne amma babu sunan kamfani ko kaɗan, bakod ɗin bai kai ka ko'ina ba, kuma girman ya gaza na asali sosai, to akwai yiwuwar kwaikwayo ne. Haruffan da ake bugawa a bayan guntaye don raba hoton shiyya-shiyya sun fi yawa a cikin masu araha, kuma suna taimaka wa mai koyo, sai dai idan shafin asali bai ambace su ba alhali naka yana da su, wannan ma alama ce.

Inda bayanin shafin ya saɓa da kwalin da yake hannunka, kuma ka tabbata lambar ɗaya ce, kwalin ne mai gaskiya a kan suna da lamba da girman da aka buga, ƙidayarka kuma ita ce mai gaskiya a kan layuka, muddin ka gama haɗawa ka ƙirga su da yatsa a gefe biyu. Yawancin rumbuna suna ba wanda ya yi rajista damar aika gyara ko ƙara wasan da babu shi. Ka ɗauki hoton gaban kwali da gefen da bakod yake da rana, a inuwa, ba tare da filashi ba, ka rubuta alƙaluman yadda suke ba tare da ka gyara su da ka ba, gurbin da kwalin bai faɗi komai a kansa ba kuma ka bar shi fanko. Na wasan nan namu mai ramuka takwas, abin da na tarar babu a shafinsa shi ne hoton bayan kwali, na ɗauka na aika, sannan na rubuta 1008 da adadin da ya ɓace a wata 'yar takarda na manna a cikin murfin, saboda maƙwabcin da ya riga ya ce zai ara.